Ya'u Ya Jira Zuwan Yayansa

Idan ka faɗi yau, hannun wa ɗanka zai koma? Ba lafiyayyen nake nufi ba, wancan da har yanzu sai an ɗaura masa wando.

Ya'u ya yi shekara ashirin da biyu yana jiƙa fatu a wani kamfanin jima a Challawa, har maganin jimar ya cinye masa farata bakwai, ya bar shi da tari. 'Ya'ya huɗu gare shi a gidansa mai ɗaki biyu a Panshekara. Ɗan farin, Musbahu, ya kai ashirin da huɗu, ga gemu, amma wayonsa na ɗan shekara biyar ne. Ba ya cin abinci sai a hannun uwarsa Mairama.

Da tarin ya fara fitowa da jini, Ya'u ya tafi kotun Musulunci neman shawara. Magatakarda ya ce masa uba na iya naɗa wasiyyi tun yana raye, wanda zai riƙe yaron da rabon gadonsa, ko da mace ce. Shaidu biyu kawai, a rubuta.

"Mairama zan sa," in ji Ya'u.

"To Malam, ka kawo shaidun gobe mana."

"Gobe? Ai ban faɗa wa Yaya ba."

Yayan nasa shi ne Uba, wanda ya riƙe Ya'u a ƙauyensu na Jigawa tun rasuwar mahaifinsu. Ya daɗe yana cewa iskoki ne ke damun yaron, a kawo shi a sa masa mari a ƙafa ya warke. Ya'u bai yarda ba, amma bai taɓa musa masa ba. Kuma a tsallake yaya a ba mace riƙo? Wannan ba maganar waya ba ce, sai an durƙusa an faɗa baki da baki.

"Malam, in shaidu ne ga Liman ga mai unguwa a layinmu," in ji Mairama da ya koma gida. "Yaya zai yi fushi ya huce."

"Ke dai kin ƙosa ki zama alƙalin gidan nan." Tari ya katse masa dariyar. "Bari ya zo Sallah."

Uba ya zo tun kafin Sallah, amma jana'izar Ya'u ce ta kawo shi. Da aka yi addu'ar bakwai, ya sa aka haɗa kayan Musbahu.

"Yaya, Malam ya ce ni zan riƙe yaron nan," in ji Mairama daga bayan labule.

"Wa ya faɗa wa? Ni dai ƙanena bai taɓa ɓoye min magana ba."

Uba ya tafi da yaron. Tana takaba, ba damar bin mota. Ranar da ta fita ta nufi ƙauyen. Ta sami Musbahu a gindin rumbu da mari a ƙafa, ya rame, bayan hannunsa duk shaidar haƙoransa. Ta shigar da ƙara. Magatakarda ya tuna zuwan Ya'u, amma ba shaidu, ba rubutu. An ɗage zama sau uku, Musbahu yana can har yau.

Don Allah, in kana da irin wannan ɗan, nemi mutum biyu cikin makon nan ku je a rubuta. Ka ba yayanka haƙuri daga baya.