Katin da Na Sa Aka Wanke

Yayana ya tafi Ispaniya ɗiyarsa tana da wata goma sha ɗaya, ko shekara guda, ban riƙe daidai ba. Ita ce ta fari, don haka ko lokacin da yake gida ba wanda ya taɓa ganin ya ɗauke ta. Haka muka taso muka tarar a Maijirgi: uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban manya, in yaron ya faɗi yana kuka sai ya kau da kai wani ya ɗaga shi. Da aka yaye ta, Inna, mahaifiyarmu, ta mai da ta ɗakinta. Uwarta ma "yarinyar nan" take ce mata.

A gonakin tumatir da ake rufewa da leda yake aiki. Ranar Lahadi da la'asar yakan kira a wayata, mu taru bayan rumbu, don nan ne kaɗai murya ba ta yankewa. Ya gaida Inna, ya gaida matarsa, ya tambayi hatsi, ya tambayi jaki, sai can a ƙarshe, kamar abin da ya faɗo masa yanzu, ya ce ya yarinyar nan. Inna ta kanga mata wayar a kunne. Shi shiru, ita shiru. Inna ta yi ta dariya tana cewa ta haɗa bebaye biyu hira.

Tana wajen shekara huɗu wani mutumin Hawandawaki da suke aiki tare ya zo ganin gida, ya kawo mana saƙo: zane na Inna, da wata tsohuwar waya mai katin ajiya a ciki. Katin cike yake da finafinan zane na yara, waɗanda muke kira desen anime, duk cikin Ispaniyanci. Yayana ya gaya mini cewa da su ya koyi yaren, don a ciki ana magana a hankali, ana kuma maimaitawa. Na yi ta ƙoƙarin hango shi, magidanci da gemunsa, zaune a inuwar leda lokacin hutun rana yana kallon zomo. Ya ce a ba yaran gida. Bai ce a ba ta ba, amma kowa ya san wa yake nufi.

Wanda ta fi so na wani tsohon kunkuru ne mai hula da wani zomo da ke zaune bakin kogi. Da hantsi yaran unguwa su taru ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, ita ce mai riƙe waya, ita ce mai fassara. A lokacin na gama digirin lisans a fannin tarbiyya ina jiran a tura ni aiki, ba abin da nake yi, sai na riƙa zama gefe ina lura. Ina jin ba kalmomin take bi ba, muryoyin take bi. In kunkuru ya sassauta murya sai ta ce wa yara lallashinsa yake, in zomo ya yi sauri ta ce ƙarya yake shirgawa, ku jira ku gani. Sau da yawa abin da ya biyo baya sai ya gaskata ta. Yaren kuwa ba ta san shi da wani suna ba sai "maganar garin su Baba". A wurinta kunkurun maƙwabcin ubanta ne. Ta taɓa tambayata ko a kogin nan Baba yake ɗibar ruwa, na ce mai yiwuwa.

Wata Lahadi Inna ta kanga mata wayar kamar kullum. Sai yarinyar ta cika kumatu, ta yi muryar kunkuru, ta faɗi wata doguwar magana. Can sai muka ji murya daga cikin wayar, siririya, irin ta zomo, tana ba da amsa. Yayana ne. Ta ƙyalƙyale da dariya ta sake wata, ya sake amsawa. Daga baya ya gaya mini abin da suke cewa bai wuce kunkuru yana tambayar ina hularsa ba, zomo yana ce masa tana bisa kanka. Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Na dubi Inna ina tsoron za ta yi faɗa, don wasa ne da ɗiyar fari a gabanta ƙarara. Sai ta ce:

"Ni dai ban ji mi suka ce ba. Abin da ban ji ba, ai ba gabana aka yi shi ba."

Daga ranar kowace Lahadi sai sun yi. Da Hausa har yanzu "yarinyar nan" ce, amma da muryar zomo yakan yi minti goma yana wasa da ita, Inna tana zaune tana ɓarar gujiya kamar ba ta wurin. Haka aka yi wata bakwai ko takwas.

Da yarinyar ta shiga ajin ƙananan yara na lakwal, wato makarantar boko, malamarsu ta tare ni a hanyar famfo. Ta ce yarinyar tana da kai, amma in an ce ta ƙirga sai ta ƙirga da wani yare mai kama da Faransanci wanda ba shi ba ne, yara su yi ta yi mata dariya. Ta ce ni da na yi karatu ya kamata in duba abin da take kallo a gida. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, na tabbata. Amma maganar ta zauna mini. In zan faɗi gaskiya, a jami'a an koya mana cewa yaro yana iya ɗaukar yare biyu ko uku ba tare da ya rikice ba, kuma na rubuta hakan a jarrabawa. Sai dai takarda daban, ɗiyar ɗan'uwanka da ake wa dariya daban. Na yi sati biyu ina juya abin. Ban shawarci yayana ba, don ina gudun ya ga kamar na raina saƙonsa. Na ce wa kaina ai fim ɗin ɗaya ne, kunkurun ɗaya, hular ɗaya, yare kawai za a canza, ba abin da za ta rasa.

Ranar kasuwa na kai katin Tasawa, wurin wani mai zuba finafinai da waƙoƙi a kati kusa da tasha. Yana da na kunkurun cikin Faransanci. Amma ya ce shi ba ya zuba abu bisa katin da ya fito daga wani wuri sai ya wanke shi tas, kada cuta ta shiga masa na'ura, kuma dama katin ya cika. Na tambaye shi ko zai iya ajiye mini na cikin a wurinsa. Ya ce e, e, ba matsala, idonsa na kan mutanen da ke bayana.

"In wanke, malam?"

Na ce, "To, wanke."

Da na dawo na miƙa mata wayar ƙarƙashin bedi. Ko minti guda ba ta yi tana kallo ba ta ɗago.

"Baba ƙarami, wannan ba shi ba ne."

Na ce shi ne mana, ga hularsa, ga kogin.

"Wani ne ya sa rigatai. Ina ka kai shi?"

Na durƙusa na yi mata bayani yadda na iya, cewa zane ba ya magana, mutane ne suke zama a ɗaki su ara masa murya, kowace ƙasa da nata mutanen. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta tambaya ko ke nan kunkurun ya tashi daga garin su Baba. Ban tuna amsar da na ba ta ba, ina jin ba ta da kyau. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa sauran yaran wayar, su ba ruwansu, zomo dai yana gudu, ta shiga gida wurin Inna.

Kasuwar da ta zagayo na koma Tasawa. Mutumin ya ce na'urarsa ta cika ya share kayan baƙi, kuma ba wanda yake neman wannan yaren a nan. Ban ga laifinsa ba. Ya tambaye ni kafin ya wanke.

Na gaya wa yayana abin da na yi. Ya ce ba komai, ni ne mai boko, na fi shi sanin abin da ya dace da yaro. Ya ce katin nan shi ke nan gare shi, amma zai nemi wani in an samu mai zuwa. Na ce ni ma in na shiga Maradi zan nemo a intanet. Sai aka tura ni koyarwa Issawane, wuri mai nisa, da wuya waya ta kama, kiran Lahadi ya koma kan tsohuwar wayar da ya aiko. Nakan tuna, in ce hutu mai zuwa. Ba zan ce ban samu hali ba. Sau biyu na shiga Maradi a watannin nan, wasu hidimomi na sa a gaba.

Da farko, in ji Inna, shi da ɗiyarsa suna yin wasansu daga abin da ta haddace. Sannu a hankali ya riƙa raguwa. Da na zo hutun ƙarshen shekara na tarar da kiran Lahadi. Inna ta kanga mata wayar. Yarinyar ce kullum kunkuru, amma da yayana ya ji ba ta fara ba sai shi ya yi muryar kunkurun, ya tambayi hularsa. Ta dube ni. Ya sake tambaya, ya sake. A na uku ta gyara tsayuwa, ta harɗe hannu a ƙirji yadda ake koya musu a aji, ta gaishe shi da Faransanci mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Sai ya ce da muryarsa ta kullum:

"Madalla. Ba Inna wayar."

Ya tambayi Inna ko yarinyar nan tana ƙoƙari a lakwal. Ta ce tana yi.

Kafin damina ta faɗi ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana tara ya rasu. Can aka rufe shi. Mutumin Hawandawaki ne ya kira ya gaya mana.

Bayan sadakar arba'in na shiga Maradi, na zauna ɗakin wani abokina, na nemi fim ɗin da Ispaniyanci. Ko awa guda ban yi ba na same shi, na sauke. Wannan ne abin da har yau ban iya faɗa wa kowa a gida ba, cewa ko awa guda bai ci ba.

Na fi shekara ina yawo da shi a waya ban nuna mata ba. Mai yiwuwa da ma za ta manta, yara suna mantawa, haka littattafan suka ce, kuma nakan faɗa wa kaina hakan. Bara, tana da shekara bakwai, ita ce ta biyu a ajinsu, na kira ta tsakar gida bayan azahar na kunna mata. Ta yi dariya da ta ga hular. Ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska, ta tambaye ni wane yare ne wannan, ta ce in sa mata na Faransanci.

Ban kai ga canzawa ba na ga Inna tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, da tsintsiya a hannu. Daga ciki ta jiyo muryar kunkurun. Ta tsaya har ya gama tambayarsa, har zomo ya ba shi amsa. Sannan ta girgiza kai.

"Ba haka yake yi ba," ta ce. "Tashi ta fi wannan siranta."

Ta koma ɗaki. Yarinyar ta tambaye ni muryar wa Kaka take nufi. Na ce zan gaya mata. Na sa mata na Faransancin.