Kajin Gadin Gwaggo

Gwaggo, yayar babanmu, ta tsufa tana kiwon kaji a bayan gida, kusa da kwata. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka zaɓe ta, suka kawo mata nasu. Aikin kajin nan ɗaya ne, sauro ya cije su. Da damina mai ɗibar jini kan zo ya ɗebi jininsu, in an ga cutar da sauro ke ɗaukowa daga tsuntsaye, sai a yi wa unguwa feshi, a gargaɗi jama'a kafin ta kai ga mutum. Gwaggo kuwa ta ɗauki abin da zafi, har gida-gida take bi da sandarta tana ba da sakamako.

Bana gwiwarta ta matsa mata, sai ta bar wa Yaya rufe akurki da yamma. Yayan nan nawa, Allah ya shirye shi, ba abin da bai sani ba a duniya in ban da neman aiki. Shi ke cinye ƙwan. Wai ya lura cizon sauro na rage musu ƙwai, sai ya riƙa lulluɓe akurkin da gidan sauro, da safe ya yaye. Kajin da aka kawo don a cije su fa!

Jini ya yi ta fitowa tas, ba a yi feshi ba. Gwaggo tana ta ce wa mutane su kwantar da hankalinsu. Ana haka zazzaɓi ya kayar da telan da ke maƙwabtaka da mu, wuya ya sanƙare, aka kwashe shi sai asibiti. Ya dawo da rai, amma ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita ta daina motsi.

Ni na tsinci gidan sauron a ƙarƙashin katifar Yaya, duk gashin kaji. Ko kunya babu, ya ce ai tausayin dabba ya ji. Wallahi na so in shaƙe shi.

Da ma'aikatan suka zo kwashe kajinsu, na buɗe baki zan tona, Gwaggo ta damƙe hannuna.

“Ni na lulluɓe su da gidan sauro,” in ji ta. “Tsufa ne.”

Har yau haushinta nake ji, ya fi na Yaya. Kullum tana zaune a ƙofar gida, matar tela ta wuce da tiren talla a ka, don yanzu ita ke ciyar da gida. Gwaggo ta gaishe ta, ta tambayi mai jiki. Matar ko waiwayowa ba ta yi.