Ruwan Kwarin Gawo da kabarin da ba shi da suna

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayana Iliyasu maƙabartar Baƙi'a da ke Madina. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni direban tankar ruwa ne a Al-Azizya, hannuna ya fi sabawa da sitiyari. Wani baƙo da ya zo mini a watan jiya ne ya sa na zauna rubutun nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, da fushi nake yin sa.

Garinmu Kwarin Gawo, rafi ɗaya ne ya kafa shi. Gidanmu ke riƙe da sarautar Sarkin Rafi, wato mai raba kwanan ruwa: yau a buɗe wa wannan lambu, gobe a toshe a buɗe wa na gaba. Doka ɗaya ce kakanni suka bari, ba a tare ruwa sama da tsohuwar tsamiya, don daga gindinta yake rabuwa ya ishi kowa. Yaya Ilu ya gaji aikin daga mahaifinmu. A zamaninsa ne Baba Sambo, ɗan'uwan mahaifinmu, ya sayi fili can sama, ya fara da buhunan yashi, ya ƙare da siminti, ya mayar da rafin gari na shinkafarsa shi kaɗai. Yaya ya kai ƙara duk inda ake kaiwa. Ko'ina sai ya tarar Baba Sambo ya riga shi gaisawa da masu wurin.

Albasa ta ƙone, rijiyoyi suka ja baya, mutane suka soma ɗaure kaya. Sarkin Rafin da ba shi da rafi ya biyo ni Madina, ya sami aikin ban-ruwa a wata gonar dabino a Ƙurban. Mutumin da gari guda ke jiran izininsa ya koma jiran izinin kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ni ne nake yi masa.

Ranakun Juma'a ɗalibanmu na jami'a sukan zo inuwar dabinon su sha shayi, shi kuwa ya kasa kunne. Daga bakinsu ya ji yadda Misira ta miƙe a gefen Nilu, yadda manyan birane suka tashi tsakanin kogunan Dijla da Furat, da yadda mutanen Saba'u suka watse bayan madatsarsu ta karye. Labarin ya shige shi sosai. Yakan ce da ni, ashe ko'ina haka ne, ruwa ke fara zuwa, sai mai raba shi, sannan kasuwa, sarki shi ne na ƙarshe. Madinar ma, in ji shi, rijiyoyi da dabino ne suka fara tsayar da mutane a cikinta. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, duk garin da ya daɗe, sai ka tarar mutanensa sun yarda da wanda ke raba musu ruwa. Idan ya faɗi haka, ni na san inda zuciyarsa ta tafi.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Gonar da ya yi wa hidima ta zama gidajen bene. Ruwan da nake ɗauka a tanka daga teku aka tace shi, aka turo shi ta bututu ya ratso duwatsu. Ina jin wannan zai burge shi, ya tambayi wa ke raba kwana. Amma da na gaya masa Kwarin Gawo saura tsofaffi da awaki, kuma simintin nan na nan daram, to a nan hirar za ta mutu.

Baƙon nawa Baba Sambo ne. Ya zo Umra a keken guragu, ƙafafu sun kumbura, likitoci sun gaya masa abin da suka gaya masa. Aka kawo shi ɗakina. Na ba shi ruwa mai sanyi, don a gidan Sarkin Rafi ba a hana kowa ruwa. Ya sha, ya riƙe hannuna.

"Hamisu, ɗana, kai ni kabarin Ilu in nemi gafararsa. An ce mini a nan ba a rubuta suna, sai wanda ya halarci binnewa."

Gaskiya aka gaya masa. A Baƙi'a dutse ne kawai a kan kowa, da malami da lebura. Ni na shiga ramin na karɓi yayana, kuma na riƙe wurin a kaina.

Na ce, "Baba, an fasa madatsar?"

"Ai yanzu yara ke noman wurin. Sai a hankali."

"To halas, shi ke nan. Ni ma sai a hankali."

Ya yi kuka, 'yan rakiyarsa suka ce in dubi girman garin da muke ciki. Na duba. Garin nan ne ya koya mini cewa haƙƙin mutane ba ya wankuwa da hawaye a bakin kabari, sai an mayar wa masu shi. Baba Sambo so yake ya roƙi wanda ba zai iya ce masa a'a ba, ya koma gida da zuciya fara, shinkafa kuma na ci gaba da shan ruwan mutane. Wasu za su ce ramuwa nake yi. Ban musa ba. Shekaru na yi ina jiran ranar da zai nemi wani abu a hannunmu, ga ta kuma ta zo.

Yaya Ilu bai bar gadon gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya rage nasa shi ne dokar tsamiya, da ƙane ɗaya mai taurin kai da ya san inda yake kwance. Na ji an ce 'ya'yan Baba Sambo na karanta jaridar nan da nake aika wa rubutun, to ga saƙo ku kai masa. Ranar da ruwa ya sake taɓa saiwar tsamiya, ni da hannuna zan tura kekensa har gaban dutsen. Idan kuwa ya riga simintin faɗuwa, ba ya bukatar ɗan jagora, shi da Yaya za su haɗu ba tare da ni ba.