Motar Jikana a Ƙarƙashin Rumbu

Jama'a, yau saura ƙiris in miƙa wa mutuwa hannuna!

Wani abu yana shanye ƙwan kajin matata Hajara a ƙarƙashin rumbu. Da azahar na ɗauki motar wasan jikana mai rimot, na tura ta ciki ko abin zai fito. Tana shiga ta tsaya cak!

Hajara ta ce, "Malam, batir ne ya ƙare. Sa hannu ka jawo ta."

Na ce, "In batir ne, sai ta fara jan jiki tukuna. Tsayawa lokaci ɗaya zafi ne. In ta huce za ta tashi."

Maciji ya taɓa cin yatsuna biyu a gonar Toranke. Ba na gaggawa.

Na ajiye rimot kan turmi, muka zauna.

Sai ga mota tana fitowa da baya, a hankali. Ba wanda ya taɓa rimot!

Hajara ta ce, "Innalillahi!"

Na taɓa injin. Sanyi ƙalau, kuma a jiƙe. Na duƙa na leƙa. Ashe gamsheƙa ce ta tofa wa motar dafi ta turo ta waje. Ga ta kwance tana kallona, daidai inda hannuna zai shiga.