Neman Iri da Surukina a Gaba

Mun tashi da asuba daga Tasawa, ni da surukina da jaki ɗaya, muka nufi Mayahi neman irin gero. Bara fara ta cinye mana gona, ɗan abin da ya tsira kuma yunwa ta sa muka daka, har da wanda muka ware don shuka. Ƙanen surukina da ke can ya aiko cewa yana da abin da zai ba mu. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma wanda ruwan shuka ya samu ba iri a hannu, shekararsa ta tafi.

Hanyar rairayi ce zalla. Ka taka ƙafa ta nutse, ka zaro, ka sake takawa. Tun hantsi gumi ya jiƙe mini taguwa, ta bushe, ta bar farin zane a baya. Amma babbar wahalata tsohon nan ne da ke gabana. Aurena da 'yarsa bai shekara ba, kuma a wurinmu mutum ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. In ya kwance salkar ruwa ya miƙo, sai in sunkuyar da kai in ce na ƙoshi. In ya dama fura, sai in tafi gyaran akumarin jakin da babu abin da ya same shi. Sai ya zaga bayan kalgo nake satar kurɓi biyu. Shi kuwa Allah ya ba shi mara mai haƙuri, sau ɗaya yake zagawa a wuni.

Kwana biyu muka yi kafin mu gangara Gulbin Kaba, inda Mayahi take. Goriba ce ko'ina, a kasuwa kusan kyauta ake ba da ita, gero kuwa masu shi ko ɗaga kai ba sa yi in ka taya. Ƙanen ya cika mana taiki biyu. Ni dai ribar da na ci ita ce suruki ɗaya ya zama biyu. Da sassafe muka juyo, don iskar ta fara ƙanshin ruwa.

Wajen azahar, muna hango wata rijiya, abin ya kama ni. Tsokar sha-raɓata ta dama ta dunƙule ta yi tauri kamar ƙwallon goriba, yatsuna suka lanƙwashe. Na yunƙura in dogara da ta hagu, ita ma ta ɗaure. Na zube a rairayi mai zafi ina cizon haɓar riga. Surukina ya dubi gabas, ya dubi jaki, ya fara kwance igiyar taiki. Nan tsoro ya shige ni fiye da ciwon. Jakin ba zai ɗauke ni da gero tare ba, kuma geron da aka bari a daji a shekarar yunwa ya zama na wani.

Wani Buzu da ke ba raƙumansa ruwa ya taho. Ya zaunar da ni, ya miƙar da ƙafar, ya tura yatsun sama da tafin hannunsa ya riƙe, har na ji tsokar tana saki a hankali. Ya yi wa ɗayar haka, ya murza su da man shanu. Sannan ya tambaye ni yaushe rabona da shan ruwa na ƙoshi. Na saci kallon surukina. Ya dubi tsohon, ya dube ni, sai kafaɗunsa suka fara rawa da dariya. Ya ce su ma suna da wannan kunyar, shi ya sa suke sha ta ƙarƙashin amawalin rawani. Ya jefa ɗan gishirin manda a ƙwaryar ruwa ya miƙo mini, ya ce gumi yana tafiya da ruwa da gishirin jiki, mai tafiyar rairayi ya sha tun kafin ƙishirwa, ya kuma miƙe ƙafafunsa kafin ya kama hanya.

Na riƙe ƙwaryar na kasa kai ta baki. Surukina ya ce, “Ɗiyata na ba ka ka riƙe, wa zai riƙe ta in ka bushe a wanga daji? Ni zan tahi in duba wancan gawon.”

Babu abin dubawa a gawon. Ya tsaya ya juya mini baya har na shanye ƙwarya biyu, na ƙara da fura. Daga nan duk inda muka yada zango sai ya sami itacen da zai duba.

Mun shiga Tasawa da la'asar ɗin washegari, ina ɗingishi, geron yana kan jaki. Kwana ɗaya tsakani ruwa ya sauka. Abin da na koya shi ne jijiya ba ta san suruki ba, kuma da na faɗi ƙishirwata tun ranar farko, da tun ran nan tsohon ya juya baya. Ranar shuka yana gaba da sungumi, ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddigen da har yanzu yake tsami. Duk bayan kunyar shuka biyu sai ya ajiye gora a bakin gona, ya ce zai je ya duba iyaka.