Isyaku Mai Fito Bai Samu Fito Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, da mai jirgi da wanda aka ɗauko. Ranar Juma'a, 12 ga Agusta, 1977, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, Allah ya karɓi ran Malam Isyaku Mai Fito a ɗakinsa da ke Hayin Marke, tsallaken kogin Wudil, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun farkon damina. Ya cika da hantsi, kansa a cinyar 'yarsa Safara'u. Ni Halliru, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, ina zaune a bakin ƙofa.

An ce a faɗi alherin mamaci, a yi shiru da sauran. Zan faɗi alherinka, Isyaku, amma shirun ne ba zan iya ba, domin abin da ake so a rufe ba naka ba ne, na masu rai ne.

Tare muka tashi. Kana ce mini bawanka, ina ce maka kwaɗo, don ban taɓa ganin ƙafarka a bushe ba. Ni aka kai ni makaranta, na ƙare ina koya wa manya karatu a ajin yaƙi da jahilci. Kai ka gaji gorar tuƙi daga hannun mahaifinka, shi ma daga nasa. Wanda bai san wurinmu ba zai ce ai akwai gada a Wudil. Akwai ta, amma tana can sama da mu, kuma da zarar damina ta kankama fadama takan shanye hanyar da ke kai mu gare ta, ko jaki ba ya bi. Daga nan har kaka, duk wanda zai je kasuwa, ko asibiti, ko gaban alƙali, a jirginka zai zauna.

Wa zai manta da bakin fito ranar kasuwa? Mata da tallan fura, masu kaji, 'yan tireda, dillalan shanu da manyan rigunansu. Kai ke raba wa kowa wurin zama, kuma ba ka duban riga. Na ga ranar da ka ce wa wani babban dillali ya koma tsakiya ya zauna a kan buhun gero, don nauyinsa yana karkata jirgi. Ya ce ko ka san da wa kake magana? Ka ce, "Na sani, Alhaji, amma kogin ne bai sani ba." Jirgi ya kwashe da dariya, shi ma ya dara, ya koma kan buhun. Mace mai naƙuda kuwa ba ta jiran jirgi ya cika. Ko kana tsakiyar cin tuwo aka ce ga ta, sai ka wanke hannu. Yara da yawa a hayinmu a cikin jirginka suka fara kuka, har akwai wadda ake kira Ta-Jirgi, yanzu ita ma da goyonta.

Amma babban aikinka wani ne, kuma shi ne ya cinye ka.

Ƙasar hayinmu fadama ce. Da rani mukan binne namu a gida. Da damina kuwa, ka haƙa zuwa gwiwa ruwa ya tsattsafo, ka ƙara kaɗan ka tarar da rijiya ka haƙa. Saboda haka tun kakanni, wanda ya rasu da damina a jirgi ake ƙetarar da shi zuwa maƙabartar tudu, bayan Sabon Gari. Masu fito suna da ƙa'idarsu a kan wannan. Jirgin da ya ɗauki makara ba ya ɗaukar wani kaya, ba a biyan mai shi, kuma sauran jirage sukan tsaya cik har ya kai gaɓa. Sannan karɓa-karɓa ake yi: yau wannan, in an sake rashi wancan, har a zagayo. Tsofaffin sun san halin mutane. Sun san in jirgi ɗaya ya riƙa ɗaukar gawa, suna zai bi shi, amarya ta ƙi shiga, mai ciki ta ƙi, ɗan kasuwa ya ce zai karya masa ciniki. Da yake kowane jirgi ya taɓa ɗauka, babu wanda za a nuna da baki.

Haka aka zauna har kuɗi suka shigo ƙasa. Shekarun nan kowa ya gan su. Albashi ya haura, siminti ya cika gari, yaran da ke koyon tuƙi suka jefar da gora suka tafi Kano leburancin gini, wasu har Ikko. Alhaji Labaran, ɗan hayinmu da kwangila ta ɗaga, ya sayo jirage masu inji, ya zuba su a bakin fito. Ba na ƙin inji, kada a ce tsoho ya tsani zamani. Yana da sauri, ya kai marasa lafiya asibiti da ransu. Abin da na ƙi shi ne abin da aka faɗa ranar da kuka je, kai da ragowar tsofaffin masu fito, kuka ce a sa sababbin jiragen cikin karɓa-karɓa. Aka ce muku wannan al'adar masu gora ce, inji ba gado ba ne, haja ce. Wato a ci riba da mai rai, in ya mutu ya zama na mai gora.

Abokan aikinka suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wani ya koma noma, wani ya sayar da jirgi aka faskara. Zagayen da ake yi da jirage da dama ya dawo kanka kai kaɗai. Duk wanda ya mutu, Isyaku. Abin da tsofaffi suka guda kuwa ya faru. Aka fara raɗa, sannan aka daina raɗar, yara suka riƙa kira a fili: jirgin gawa. Mutanen da ka ƙetarar da iyayensu suka riƙa wuce ka da gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, sannan su tattare riga su hau na inji. Sai ka wuni a gindin marke kana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Jirginka ya fara yoyo, kana toshewa da tsumma da kwalta, don abin sayen katako ya gagara.

Na taɓa ce maka ka bari. Na ce ka ƙi ɗauka sau ɗaya tak, a ga yadda za su yi, ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ka dube ni ka ce, "Kai bawana, gawar wa zan fara ƙi? Zaɓa mini." Kai ka ɗauki mahaifiyar Alhaji Labaran da kanka shekaru biyu da suka wuce, kogi na tumbatsa, jiragen ɗanta na ɗaure a gaɓa suna kallo. Kai ka ɗauki Yelwa, matarka, kana tuƙi hawaye na bin gemunka, ba ka yarda wani ya karɓi gorar ba. Ranar ka nuna mini wani ɗan fili kusa da kushewarta, ka ce in Allah ya sa da damina ne, nan.

Da damina ne kuwa.

Muka yi maka wanka, muka yi maka sutura, aka sallace ka kafin rana ta take tsaka. Aka aika Wudil a haƙa kabari a wurin da ka nuna, aka haƙa. Muka ɗauko makara zuwa bakin fito. Ranar kasuwa ce, kasuwar jajibirin azumi, jirage sai kai da kawowa suke yi, cike maƙil. Na je wurin Ɗantani, wanda ke tuƙa babban jirgin Alhaji Labaran. Ɗantanin nan a hannunka ya koyi ruwa, kai ka fara ɗora masa gora a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa, ya kasa haɗa ido da ni.

"Baba Halliru, wallahi ba ni da iko. Alhaji ya yi rantsuwa, duk wanda ya ɗora makara a jirginsa ya ajiye makulli. Ina da iyali, Baba."

Na ce a aika wa Alhajin. Aka aika. Ɗan aike ya dawo ya ce yana Kano, sai dare. Na ce to a sauke fasinja sau ɗaya, sawu ɗaya kawai, don Allah, don Annabi. Na juya ga fasinjojin da kansu. Wallahi na san su duka, na san sunayen iyayensu, na san ranar da ka ƙetarar da kowannensu. Wani ya ce Allah ya jiƙansa. Wani ya ce ai in jirgin nan ya ɗauka shi ke nan, shi ma ya zama abin da ya zama. Wata ta gyara wa kajinta zama. Aka ja inji, hayaƙinsa ya bi ta kan makararka.

Sai muka koma ga jirginka. Yana kife a gindin marke tun da ka kwanta. Muka birkice shi, muka cusa tsumma inda ya tsage, muka ɗora ka. Amma wa zai tuƙa? Mu duka manoma ne da tsofaffi, wanda ya fi mu ƙarfi bai taɓa riƙe gora a cikakken ruwa ba. Bilya, mijin Safara'u, ya ce zai gwada, Allah ya saka masa. Ba mu yi nisa ba gorar ta daina taɓa ƙasa, igiyar ruwa ta kama hancin jirgi ta juya mu kamar faifai. Ruwa na shigowa ta ƙasa, makara ta zame, ni da liman muka rungume ka. Da ƙyar muka sami reshen da muka kama, can ƙasa da inda muka tashi. Likkafaninka ya jiƙe sharkaf. Na ce a raina, kwaɗo, ko yau ma ba ka bushe ba. Sai kuka ya ƙwace mini a gaban yara.

La'asar ta yi. Liman ya ce ba a kwana da mamaci a kan jiran wani, haƙƙinka ne a gaggauta. Gaskiya ya faɗa. Muka dawo da kai hayi, muka zaɓi inda ya fi tudu a bayan gari, muka haƙa. Ruwa ya tsattsafo tun ba a kai ƙugu ba. Aka nemi abin kwarfa, Safara'u ta aiko da ƙwaryar da kake kwarfe jirginka da ita, mai ɗinki a baki. Da ita muka kwarfe kabarinka, Isyaku. Muna kwarfa yana dawowa. Muka shimfiɗa kara da tabarma, muka sa ka da sauri kafin ya sake taruwa, muka jera itace, muka rufe. Ina jin ƙarar ruwan a ƙarƙashin ƙasar da muke turawa. Wancan kabarin na kusa da Yelwa, busasshe, ya kwana a buɗe. An ce washegari an sa wani baƙo a ciki.

Ranar sadakar uku Alhaji Labaran ya aiko da buhun shinkafa, 'yar waje, da saƙon cewa abin ya taɓa shi ƙwarai. A babban jirgin aka kawo buhun, an ba shi wuri a tsakiya don kada ya jiƙe. Safara'u ta karɓi buhun. Ta sa aka raba wa mabukata a ƙofar masallaci, ko ƙwaya ba ta shiga tukunyarta ba.

Na san malamai za su ce mini ƙasa duk ta Allah ce, kuma ruwa ba ya hana rahama isa kabari. Na yarda, ban ja ba. Ba don kai nake ɗaci ba, kai ka wuce inda sunan jirgi zai dame ka. Ina ɗaci ne don an ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, na kuwa ga naka ya faɗi a gaban idona, mutane suka tsallake shi don kada kasuwa ta watse ba su. Kuma har yau ban ga wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da ya rage ba. Masu gora sun ƙare. Inji ba ya ɗaukar makara. Duk wanda ya zauna a jirgin nan ranar Juma'a ya kau da kai, a hayin nan yake kwana, kuma bai san da wane wata za a kira shi ba. Jirginka yana nan a gindin marke, awaki na hawa. Ƙwaryar kuwa liman ya ce a ajiye ta a masallaci, za a sake bukatarta.

Allah ya jiƙanka, Isyaku ɗan kawuna. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya sanya shi busasshe mai haske. Yadda ka ƙetarar da bayinsa ba ka tambayi lada ba, Allah ya ƙetarar da kai siraɗi cikin sauƙi, ya sada ka da Yelwa a inda babu kogi tsakani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Safara'u da mijinta Bilya da jikokinka, da ƙanwarka Talatu da ke aure a Dagumawa, wadda ruwa ya hana ta zuwa sai bayan kwana uku. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ku ladansa. Ɗantani ma Allah ya yaye masa, na ga bai ƙara bi ta ƙofar gidanka ba.

Mu da muka rage a Hayin Marke, Allah ya sa mu cika da imani. Ni dai tun ranar nan na ƙara roƙo ɗaya a bayan kowace salla, roƙon da ban taɓa jin kakanninmu sun yi ba: ya Allah, in za ka ɗauke ni, ka ɗauke ni da rani.