Murfin rediyo kawai na iya

Na sha wuya a shekarar nan, ba sai na ɓoye ba. Shekarun baya ne, lokacin da aka rufe kamfanin haɗa rediyo da nake wa aiki a Kano. Mun zo da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa, maigadi ya ce kayan waje sun kashe kasuwa, kowa ya kama gabansa. Na kwaso iyalina muka dawo Rurum, gidan mahaifiyata.

Ashe tsohuwar nan ta daɗe tana gaya wa mutanen gari ɗanta ne ke ƙera rediyo. Kafin in huce gajiya, zaurenmu ya cika da matattun rediyoyi. Har daga ruga wani dattijo ya kawo tasa a naɗe cikin tsumma, yana cewa, "Injiniya, a taimaka."

Ni kuwa a kamfani a jere muke aiki. Wannan ya sa waya, wancan ya liƙa dalma, in rediyo ta iso gabana in ɗora murfin baya, in ɗaure noti, in tura gaba. Ban taɓa sanin abin da ke sa ta magana ba. Kowa ya zo sai in ce ya dawo jibi. Ba tawa kunyar ta dame ni ba, tsorona a ce Inna maƙaryaciya ce.

Ran nan ta same ni na buɗe wata na zuba mata ido. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, kallo ne ke gyara ta?"

Na ce, "Inna, ni fa murfi kawai na iya."

Sai ta fashe da dariya har tana dafa bango. "Murfi? Duk cika bakin da na yi a gidajen suna, ashe a kan murfi ne?"

Na ce bari in mayar wa mutane kayansu.

"Ba inda za a mayar. Na riga na faɗa. Tunda ka ƙware a bayanta, je ka koyo cikinta."

Allah ya jiƙan Inna, ba ta iya lallashi ba. Amma da ta lallashe ni ran nan, da har yau ina zaure ina zagin kamfani. Da gyaran nan na aurar da 'ya'yana.

Washegarin ran da muka yi maganar na zuba rediyoyin a buhu, na hau acaɓa zuwa Rano, na durƙusa gaban wani mai gyara da na girme shi nesa ba kusa ba, na ce ya fara min daga farko.